Tsaga a karkace a jikin bim, kusa da fila

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum. Injiniyoyi da magina, a ba ni shawara. Bara na zuba dakin, wato rufin kankare, a shagona, saman na mai da shi sito. Bayan girbi na loda shanshera buhu 120. Jiya yarona ya nuna mini tsaga a jikin bim, wato kankaren da ke kwance kan fila yana ɗauke da rufin, dab da fila, ta taso daga ƙasa ta hau a karkace. Birkila ya ce filasta ce kawai, a shafe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a kwashe buhunan nan yau, amma a fara tokare bim ɗin daga ƙasa kafin 'yan dako su hau. Sannan a fasa filastar wurin a duba ko tsagar ta shiga kankare.

Tsagar da ke tsakiyar bim, a tsaye, ta lanƙwasa ce. Rodin ƙasa ke riƙe ta, kuma bim yakan sunkuya ya ba ka lokaci. Taka ta kusa da fila ce, inda nauyi ke danna bim ƙasa fila kuma na tura shi sama, kamar bakin almakashi. Hakan na jan kankare a karkace, wajen digiri 45. Kankare kuwa jarumi ne wurin danni, wurin ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Da ya tsage, abin da ya rage shi ne ɗan saman da bai tsage ba, da tsakuwar da ke cije da juna, da ring, wato ƙaramin rodin da ake zagaye manyan rodin bim da shi, wanda ya ratsa tsagar kamar ɗinki. In ring ya yi nisa da juna, tsaga ta bi tsakaninsu ta wuce, bim ya yanke ba sallama. Haka rufin wani siton sojan saman Amurka ya rufta a jihar Ohayo a 1955.

Ƙa'idar BS 8110, tsohon littafin ƙa'idojin ginin kankare na Birtaniya, ita ce tazarar ring kada ta wuce kashi 3 cikin 4 na zurfin bim, daga samansa zuwa rodin ƙasa. Bim mai 450mm daga sama har ƙasa, in an cire kankaren da ke ƙarƙashin rodi, iyakar tazarar ring ɗinsa wajen 300mm, kusa da fila kuma akan matse fiye da haka.

Mai ɗaurin rodi, Jega:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma masu gini su ma da nasu. Mutum zai sayi rodi 16mm babu ciniki, ka ce a ƙaro 10mm na ring ya ce ai wannan riƙon rodi kawai yake yi. Sai ka buɗa tazara don ya kai.

Ɗan Argungu:
Malam, ka taɓo ni, ni na hana a ƙaro. Na duba hoton ranar zubi, tazarar ta kai kamu guda. An tokare da katako, an kwashe rabin buhunan kafin magariba. Injiniya, gyaran fa, sai an rushe?

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Ba lallai ba. Akan ƙara fila, ko a yi wa bim riga ta kankare da sabon ring. Amma sai injiniya ya zo ya auna da idonsa. Sauran rabin ma a sauke shi gobe da sassafe.