Toshe giɓin fiffike a jirgin da aka haɗa da hannu

A zaman da wasu makanikai da masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen sama suka yi a Maradi, magana ta fi tsayawa kan giɓin da ke tsakanin jikin fiffike da ɓangarensa mai motsi, wanda matuƙi ke karkata jirgi da shi. Matsin iska a ƙarƙashin fiffike ya fi na samansa, saboda haka iska takan kurɗa ta giɓin ta haura, sai jirgin ya rage gudu, kuma ya yi nauyin amsa umarnin matuƙi.

Don toshe giɓin, mafi yawansu sun zaɓi siririyar leda ta Mylar, wadda ake manna gefenta ɗaya a jikin fiffike bayan an goge ƙura da maiƙo, a bar ɗayan gefen yana zamewa a kan ɓangaren mai motsi. Wani dattijo ya ja kunne, kuma ina ganin nan ne zancen ya fi nauyi: ledar da ta ɓanɓaro jirgi yana cikin tafiya a sama ta fi rashinta haɗari, domin tana wargaza iskar da ke bi ta kan fiffike. Zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, yana sassauta gam, ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙarƙashinsa, don haka a duba kafin kowane tashi.

Ba kowane giɓi ake toshewa ba. Akwai wanda mai zanen jirgin ya bari da gangan. Kada a rufe ramukan fitar ruwa, kuma a motsa sandar tuƙi har ƙarshe ta kowane gefe a tabbatar babu inda take cijewa.