Tambaya kan jera yadi da ƙyallayen ɗinkin bargon faci

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maɗinka. Ina neman shawara kan ajiyar kayan ɗinkin bargon faci.

Manyan yadudduka ba su da matsala: duk wanda ya kai rabin yadi na naɗe shi a jikin rula mai faɗin inci 6, na zare rular, na jera su bisa launi. Masu girman inci 18 a inci 22 ma sun zauna a aljihun tebur.

Ƙyallaye ne suka gagare ni. Idan na yanka su zirin inci 2.5 da murabba'in inci 5, ajiya ta yi sauƙi, amma ranar da zane ya buƙaci inci 6 an yi asara. Idan na bar su yadda suke, sai su cukurkuɗe, gefensu yana zubar da zare, kullum sai guga. Bisa launi kuke rabawa ko bisa girma? Mai fure kala biyar fa, ina zai shiga? Kuma daga wane girma kuke zubarwa?

Sai mazubi. Roba mai murfi tana riƙe laima, auduga ta yi fumfuna. Kanta a buɗe kuwa, hasken rana yana koɗar da bakin ninki. Me kuke amfani da shi?