Outlook (manhajar imel) na kwamfutar shago ya ƙi zama lafiya, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai shagon buga takardu, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu ke nan ina fama. In na buɗe Outlook sai ya tsaya cik, ɗan zoben nan yana ta juyawa, can ya rufe kansa. Ran da ya yarda ya buɗe kuma saƙo ba ya fita. Ga ɗalibai na turo mani furojet in buga masu. Har na fara tunanin goge komai in sake zuba Windows.

Wani mai gyara, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka goge komai tukuna! In da POP (tsarin da ke sauke saƙonni ya ajiye su a kwamfuta) aka haɗa maka akwatin imel ɗin, saƙonninka na shekaru suna cikin fayil guda mai ƙarewa da .pst, yana tafiya sun tafi. An ɗauke maka wuta kwamfutar tana kunne? Ni abin da ya same ni ke nan bara, wuta ta tafi Outlook yana tsakiyar rubutu cikin fayil ɗin, sai ya gurgunce. Akwai wata 'yar manhaja mai gyara irin wannan fayil, SCANPST.EXE, cikin foldar Office. Ka rufe Outlook, ka kwafe fayil ɗin a filas ko hard disk na waje, sannan ka nuna mata shi. Ni sai da na maimaita sau uku, tun bayan azahar har aka kira la'asar ina zaune ina kallon ɗan layin yana rarrafe. Washegari na sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ban sake gani ba.

Hajiya, daga Daura:
Ni nawa abin dariya ne. A ofishinmu Thunderbird, wata manhajar imel, muke amfani da shi, kullum da safe sai ya ce satifiket ɗin tsaro ba shi da inganci. Muka zargi intanet, muka canza layi, shiru. Wani yaro ɗan bautar ƙasa ne ya leƙa ƙasan allo ya ce, "Hajiya, kwamfutar nan ta koma 2009 fa." Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo ne ya mutu. Aka canza shi aka saita kwanan wata, magana ta ƙare.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ranka ya daɗe, ka leƙa Outbox, inda saƙonni ke jiran fita. Ƙanena ya taɓa liƙa bidiyon biki a saƙo, alhali Gmail ba ya bari a aika abin da ya wuce MB 25. Saƙon ya maƙale a ƙofa ya tare na bayansa. Danna Work Offline, ka goge shi, ka koma. In ma ya ƙi buɗewa, riƙe Ctrl yayin da kake danna shi, zai tambaye ka ko ya tashi a Safe Mode, wato ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba.

Mai gyaran ya ƙara:
Na manta. In yana ta tambayar kalmar sirri kana sa daidai yana ƙi, tun 2022 Gmail ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga tsofaffin manhajoji. Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ciro App Password, kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 da za ka sa wa Outlook. Lambobin port a saiti: IMAP (mai karɓo saƙo) 993, SMTP (mai aikawa) 465 ko 587.

Mai shagon buga takardu:
Allah ya saka da alheri. Ctrl ɗin ya buɗe shi. Na tarar da hotunan sikanin wata takardar fili, MB 40, kwance a Outbox tun ranar Laraba, yaron shago ne ya tura bai faɗa mani ba. Na cire, saƙo goma sha ɗaya suka fita a jere. Tsayawar dai tana nan jefi-jefi, na kwafe .pst ɗin, SCANPST na kai yanzu haka. Hajiya, na duba agogona, yana daidai.