Fita daji da ɗalibai tare da masanin tsuntsaye da itatuwa: Yankari ko fadamar Nguru?

Malama Mai Bayoloji, Kano:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibaina suna iya zana sassan fure a allo babu kuskure, amma ranar da na tsayar da su a gindin bishiyar da ke bakin ƙofar makarantarmu na tambayi sunanta, kaɗan ne ƙwarai suka san cewa marke ce. Wannan ya sa na nemi izinin fita da su daji na kwana biyu, kuma an amince. Kuɗin da iyaye suka haɗa ba shi da yawa, shi ya sa nake neman shawara a kan abu biyu. Shin lallai ne in ɗauki masanin da zai yi mana jagora, ko abin da na karanta zai wadatar? Sannan tsakanin Yankari da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, wanne ya fi dacewa, kuma a wane wata?

Tsohon Ma'aikacin Gandu, Gashuwa:

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Idan kuɗi ya ƙi isa, ki rage na masauki, ki rage na abinci, amma kada ki taɓa na jagora. Wanda ya shiga daji ba tare da mai nuna masa ba, ciyawa da ruwa kawai zai gani ya dawo.

Ni fadama zan zaɓar miki, tsakanin Disamba da Fabrairu. A nan ne ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yake bazuwa kafin ya tattaru ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Cadi, kuma a waɗannan watanni ne agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha suke tsallako Sahara su sauka a kanmu don guje wa sanyin can. Tun 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma saboda tsuntsayen ne Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona, wurin da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa a fadamar, a 1989.

Bari in ba ki misalin abin da jagora yake yi. Wata safiya muna cikin kwalekwale da wani masanin tsuntsaye, hazon hunturu bai gama washewa ba, sai ya ɗaga hannu ya sa mai tuƙi ya tsaya kusa da wata giyayya. Bai nuna mana tsuntsu ba tukuna. Ya ɗora yatsa a kan wani layin busasshen laka da ya zagaye jikin itacen, wajen tsayin ƙirjin mutum, ya ce nan ne ruwa ya kai a daminar da ta wuce, sannan ya nuna mana wani tsohon tabo can sama da shi. Daga waɗannan layuka biyu ya ɗauko mana labarin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, yadda suka rage ambaliyar da fadama take rayuwa da ita, da yadda ruwan da ya daina janyewa da rani a wasu wurare ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Kachallar nan kuma ita ce makwancin tsuntsun nan jan baki, wanda yake faɗa wa gonakin shinkafa. Na yi shekaru ina wuce giyayyar nan ban taɓa karanta jikinta ba.

Ki kuma haɗa da masunci ɗaya daga ƙauyen da kuka sauka, ki biya shi hakkinsa. Masani zai faɗa miki ƙasar da tsuntsu ya fito, amma masunci ne ya san kududdufin da dinya da kirinjijiya suke kwana, kuma a bakinsa yara za su ji sunayen da kakanninsu suka sani. Idan wani ɗalibi ya tambayi inda shamuwa take, to darasi ya zo da kansa: ita da damina take zuwa mana, da rani kuwa tana can kudancin Afirka.

Uwar 'Yan Biyu, Bauci:

Baba, ina girmama saninka, amma a kan zaɓin wuri ban bi ka ba. Yaron da bai taɓa fita ba, abin da zai fara kama zuciyarsa shi ne babbar dabba, daga baya ne yake koyon haƙurin kallon tsuntsu. Malama, ki duba Yankari. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a Nijeriya. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe kuma dabbobi suka matso bakin kogin Gaji neman ruwa.

A kan jagora kuwa na yarda da Baba gaba ɗaya. Lokacin da na je da 'ya'yana ba mu ga giwa da ido ba, kuma da farko raina ya ɓaci. Sai jagoranmu ya sauka ya tsuguna a kan wani tulin kashi, ya sa tsinke ya buɗe shi, ya ce na daren jiya ne domin cikinsa da sauran danshi. Ya zaro ƙwallayen 'ya'yan itace da suka fito lafiya ƙalau, ya bayyana cewa haka giwa take shuka daji, ta ci a nan ta sauke iri a can nesa tare da takinsa. Sannan ya sa ƙaramin ɗana ya tsaya da ƙafafunsa biyu a cikin sawu guda. Har yau wannan sawun yake ba abokansa labari. Ki dai gargaɗi yara kada su riƙe abinci a hannu a sansanin Wikki, domin gwaggon biri ba ya jin kunyar fizgewa, kuma ki hana hayaniya a cikin mota.

Ɗalibin Tsuntsaye, Jos:

Malama, da izinin manyana, ina ganin akwai matakin da ya kamata ya riga tafiyar. Idan yara ba su saba tsayawa shiru suna rubuta abin da suka gani ba, kwana biyun za su ƙare a ɗaukar hoto da waya. Ki ba kowa littafi da fensir tun yanzu, ku riƙa fita harabar makaranta da sassafe minti ashirin, su rubuta launin tsuntsu, girmansa idan aka kwatanta da kurciya, siffar bakinsa, da itacen da ya sauka a kai. Ku zaɓi gawo guda ku riƙa lura da shi, su gano da kansu cewa yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, wanda shi ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa.

Game da inda za ki samu masani, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma waɗanda ta horar sun bazu a jihohi da dama. A dajin nan akwai wani ɗan jan tsuntsu na kan duwatsu da masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998, akwai kuma wani baƙin tsuntsu da yake saka ƙwansa a sheƙar jan, har ɗan da aka ƙyanƙyashe ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Ranar da na fara ganin an kama tsuntsu a raga, aka auna fiffikensa, aka sa masa zobe mai lamba a ƙafa aka sake shi, na riƙe shi na ɗan lokaci ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna. Ki roƙi jagoranki ya zo da madubin hangen nesa ko da biyu ne, a riƙa karɓa-karɓa.

Ɗan Dosso, Nijar:

Ina goyon bayan maganar Baba a kan mutanen gari. A wajenmu, raƙuman dawa na Kure sun ragu har ba su kai 50 ba a 1996, yanzu kuwa sun haura 600, kuma jagororin ƙauyukan ne suke gane kowanne ta zanen jikinsa, su san lokacin da suke gangarawa kwarin Dallol Bosso cin ganyen gawo da rani. Abin da zan ƙara shi ne, duk inda kika zaɓa, ki tuntuɓi hukumar wurin da mutanen gari a kan halin tsaron hanya a makon tafiyar, kuma kada dare ya yi muku a kan titi.

Malama Mai Bayoloji, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daga Litinin za mu fara fitar safiya da littattafai kamar yadda ƙanina na Jos ya ce, kuma akwai gawo a bayan filin ƙwallonmu. Tafiya kuwa fadama za mu yi a Janairu, domin ta fi mana sauƙin kuɗin mota, Yankari sai baɗi in Allah ya kai mu. Baba, saura abu guda: ɗalibai nawa ya kamata su shiga kwalekwale ɗaya, kuma ana samun rigar kariya daga nutsewa a can, ko in nemo tun daga Kano?