Kwalina ya cika da matattun kayan lantarki, ina zan kai su?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ni haɗa kayan lantarki ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Ina yin fitilu masu caji da 'yan na'urori da Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake tsara wa aiki, kamar mai kashe injin ruwa idan tanki ya cika. To yanzu ƙarƙashin gadona akwai kwali maƙare da allunan cikin na'urori da suka ƙone, guntayen waya da batura. Masu buga allo a China ma daga biyar suke farawa, ni kuwa ɗaya nake buƙata. Na ga rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a 2022 an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a sake sarrafawa ba. Anya ba ɓarna nake ƙarawa ba don nishaɗina?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da kake kira matacce, mu shi ne jarinmu. Allon da ya ƙone, galibi abu ɗaya ne ya mutu a kai, sauran lafiya lau. Ka zauna ka ciccire masu rai ka zuba a gwangwanin madara. Allunan nan huɗu kuma ka ba yaran da ke koyo. Sannan ka daina liƙe akwatin fitila da gam, ka ɗaure da noti, yadda in batir ya mutu za a buɗe a sauya shi.

Maman Ilham:
Ni dalmar da kuke liƙi da ita ce damuwata. Turai ta hana ta a yawancin sabbin kayan lantarki tun 2006, mu kuwa har gobe. Kar a manta da Zamfara a 2010, yara aƙalla 400 gubar dalma ta kashe. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don Allah ƙanena, banda liƙi a tabarmar da ake cin abinci ko inda yara ke rarrafe, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa tuwo.

Injiniya Sabon Gari:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ni baturan sun fi ba ni tsoro. Kwalin batir ɗin litiyam ƙarƙashin gado, a zafin watan Afrilu? Haba malam! Fitar da shi yau, ka naɗe bakin kowanne da salatif, wanda ya kumbura ka ware shi cikin bokitin yashi. Kuma ba dole sai sabo ba: tsohon batirin laftof in ka fasa, sau da yawa za ka samu ƙananan batura masu caji da ake kira 18650 masu sauran rai. Wayoyin ne dai matsala, domin in ka ba 'yan gwangwan, wasunsu ƙonawa suke yi su ciri jan ƙarfe, hayaƙin ya bi unguwa. Ka feɗe robar da wuƙa kafin ka sayar, kuɗinsa ma ya fi.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai. Na kai kwalin zaure. Baba, in akwai yaron shagonka da ke son allunan, ya zo ya karɓa bayan la'asar.