Magada sun sayar da gidan da muke haya, mai saye ya ba mu sati biyu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna haya a Rijiyar Zaki a Kano, ɗaki biyu da falo, naira 450,000 a shekara. A watan Fabrairu maigidana ya biya na shekara cif, ga rasit a hannu. Bayan azumi mai gidan ya rasu, magada suka sayar don a raba gado. Jiya wanda ya saya ya turo yaronsa wai mu kwashe cikin sati biyu, ƙaninsa zai yi aure a ciki. Da muka nuna rasit sai ya ce shi bai ci kuɗinmu ba, mu bi magada. Har da cewa in muka wuce lokaci zai sa a kwance kwanon. Maigidana yana Legas wajen aiki, ni kaɗai ce da yara. Dole ne mu tashi?

Lauyan gidan nan: Wa alaikumus salam Hajiya, ba dole ba ne. Wanda ya sayi gida da ɗan haya a ciki ya saya ne har da hayar, ya hau matsayin tsohon mai gida. Kuɗin da kuka biya ya ba ku zama har wa'adinku ya cika. Batun kuɗin sauran watannin kuwa tsakaninsa ne da magada.

Ku duba takardar yarjejeniyarku. In an rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa, sai ya jira ranar, sannan ya ba ku notis na kwana 7 cewa zai nemi kotu ta karɓar masa gidansa. In kuwa hayar shekara-shekara ce da ake sabuntawa ba takarda, abin da dokar Abuja da ta yawancin jihohi suka tanada shi ne notis na wata 6 a rubuce, sai na kwana 7, sai kotu. Mai biyan wata-wata wata ɗaya ake ba shi. Saƙon baki ta hannun yaro ba notis ba ne. Kwance rufi, sauya kwaɗo, yanke wuta ko ruwa, duk ɗaukar doka a hannu ne. Tun 1986 Kotun Ƙoli ta tsawatar wa gwamnatin soja ta Legas a shari'arta da Ojukwu kan fitar da mutum daga gida da ƙarfi. Abin da aka hana gwamnati, wane ne mai saye?

Dillali, Kurna: Barista ya faɗi gaskiya, amma bari in faɗi yadda abin yake a kasuwa. Sau da yawa dillalin da ya haɗa cinikin ne ke ce wa mai saye "ai 'yan hayar sun kusa fita" don la'adarsa ta faɗo. Ba mamaki bawan Allahn nan shi ma rufe shi aka yi. Ku nemi babban magada ya zo a zauna.

Malamin Islamiyya: A fiƙihun Malikiyya ijara, wato haya, ƙulli ne lazimi, mutuwar mai gida ba ta warware shi, sayarwa ma haka. Cinikin ya inganta, amma amfanin gidan na ɗan haya ne har wa'adin ya ƙare. In an ɓoye wa mai saye cewa akwai haya, yana da zaɓin ya haƙura ko ya mayar da cinikin. Haƙƙinsa na wuyan masu sayarwa.

Maman 'yan biyu: Ni dai Yaya, da ni ce na karɓi canjina na tashi. Zama da mai gidan da ba ya son ganinki ba daɗi, ga ki da yara, ga miji ba ya gari.

Lauyan gidan nan: Sulhu ba laifi, Maman 'yan biyu, amma da sharaɗi. Kuɗin watannin da suka rage ya fara shiga hannu, a ƙara da na mota da la'adar sabon gida, a ba su lokacin nema, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Kada a miƙa makulli a kan alkawari. Na sha ganin waɗanda suka fita sannan suka shekara suna bin magada goma sha, kowa na cewa kasonsa ya ƙare.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na duba, takardar na nan, an rubuta 1 ga Fabrairu zuwa 31 ga Janairu. To in suka zo da kafinta kafin maigidana ya dawo fa?

Lauyan gidan nan: Yau ɗin nan ki ɗauki hoton takardar da rasit ki tura wa maigidanki. Gobe ki je wajen mai unguwa da wani namiji cikin danginku, a kira mai sayen a sanar da shi a rubuce cewa kuna da haya har ƙarshen Janairu. In suka zo da kafinta kada ki yi sa-in-sa da kowa, ki ɗauki bidiyo, ki kira maƙwabta su shaida, ki kai rahoto caji ofis. In kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, na Kano da takardun.