Zafin bazara da hadarin farko: yaya abin yake a wajenku?

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Fatakwal na samun ruwa tun Maris, mu nan sai ƙarshen Mayu ko Yuni. Masana, a taimaka mana da abin da ya kamata a yi kafin hadari ya fara haɗuwa.

Malamin makaranta, Zariya: Wa alaikumus salam. Iskar teku mai laima ce ke hawowa daga kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada sannu a hankali, shi ya sa damina ke fara sauka a kudu. Kafin ta iso, Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a Afrilu. Da laima ta fara shigowa zufa ba ta bushewa a jiki, barci ya gagara. Hadarin kansa daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya.

Kafinta, Gusau: Gaskiya ne Malam, kuma wannan iskar ta gaba ita ke yaye kwano. Ta bakin rufi da kusurwa take shiga ta ɗaga. A ɗaure katakon rufi da langa-langa a jikin gini, a gangara aƙalla layin bulo biyu. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, in aka buga a kwarinsa zai yi yoyo. A duba katakon da gara ta ci tun Afrilu, ba ya riƙe ƙusa. Ɗora duwatsu a kan kwano ban yarda da shi ba, in iska ta yi ƙarfi kan mutane suke faɗowa.

Ma'aikaciyar jinya, Maiduguri: Wanda jikinsa ya yi rau da zafi, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa sumamme ruwa. Mai iya sha a haɗa masa lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuma alamar sanƙarau ce, ba a jira.

Mai haɗa sola, Jos: Mu nan zafi da sauƙi saboda tudu, amma akwai tsawa, wani sa'in har ƙanƙara. Ku ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba a shige ɗaki, ban da gindin bishiya. Kashe soket bai isa ba, a zare filogin talabijin da wayar eriya gaba ɗaya.

Manomi, Daura: Ni roƙona, kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. A tona, in danshi bai kai taƙi ba a dakata, don yakan ɗauke mako biyu iri ya ƙone a ƙasa.